Gwajin Tantanin Ciki ga Mai Wankin Ƙoda

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana wankin ƙoda ta ciki a gida nan Gombe, shekara biyu ke nan. Kwanan nan ruwan da ke fitowa ya ragu, ƙafafunsa sun kumbura, an kuma ce a yi masa gwajin PET. Mene ne amfaninsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. A irin wannan wankin, inda ake zuba ruwa a cikin ciki ta bututu sannan a fitar da shi cikin leda, tantanin da ya lulluɓe hanji da bangon ciki shi ne matata, kuma na kowa daban yake, yana ma canzawa da daɗewa. Sukarin da ke cikin ruwan wankin shi ke janyo ruwan da ya yi wa jiki yawa, saboda haka idan tantanin yana saurin miƙa sukarin ga jini, sai ƙarfin jan ya ƙare da wuri, har jiki ya koma shanye abin da aka zuba. Sai ki ga an zuba lita 2 da dare, da asuba ledar ba ta cika ba, sawun yatsa kuma ya zauna a ƙaurinsa.

Gwajin PET yana auna saurin tantanin wajen musayar sinadarai tsakanin jini da ruwan wankin. Gwajin, wanda Dakta Twardowski da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1987, awa 4 yake ɗauka. Ana zuba lita 2 na ruwa mai sukari kashi 2.5 cikin 100, a ɗebi samfurinsa a farko da awa 2 da awa 4, a ɗebi jini sau ɗaya, sannan a raba adadin kiriyatinin (wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini) na ruwan da na jini. Idan sakamakon ya haura 0.81, tantanin mai sauri ne. Idan bai kai 0.50 ba, mai jinkiri ne. Mai sauri ya fi dacewa da gajeren zaman ruwa, ko wanki da na'ura cikin dare, ko ruwan ikodestirin (ruwan wanki da jiki ba ya saurin shanye sinadarinsa) a dogon zama, shi kuwa mai jinkiri sai an bar ruwan ya daɗe kafin datti ya tsallako.

A halin Baba, na fi son a yi gwajin da ruwa mai sukari kashi 4.25, domin idan rarar da ta fito a kan abin da aka zuba bayan awa 4 ba ta kai mililita 400 ba, hakan na nuna tantanin ya gaza fitar da ruwa yadda ya kamata.

Sai dai ina roƙonki, kafin a ɗora wa tantani laifi, a duba ko Baba yana fama da taurin bayan gida, ko bututun ya goce, ko gishiri ya yi yawa a miyarsa, ko fitsarinsa ya ragu. Idan kwanan nan ruwan ya taɓa fitowa gurɓatacce tare da ciwon ciki, a jira aƙalla wata guda bayan warkewa, domin kumburin tantani yana ɓata sakamakon. Ku tafi da littafin da kuke rubuta awon kowace leda da nauyin jikinsa, idan kuwa numfashi ya fara yi masa wuya, a kai shi asibiti a ranar.