Amsa ga wanda ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida

Wa alaikumus salam ƙanina. Tun daren jiya na ga tambayarka, kace wata bakwai kenan da gama bautar ƙasa, ba aiki, ka koma ɗakinka na soro, har ka fara ƙin fita saboda masu tambayar "ya ake ciki, an samu kuwa?" Naga 'yan uwa sun yi maka addu'a sun ce ka yi haƙuri, duk daidai ne, amma bari ni in baka labarin nawa dan nayi irin zaman nan sama da shekara.

Ni a 2023 na gama hidimar ƙasa, daidai lokacin da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500, kuɗin adaidaita ya ninka. Lokacin alawi dubu 33 ne, ba kamar ku da kuka samu dubu 77 ba, amma wallahi duk ƙanƙantarsa sai da ƙarshen wata ya zo naji wayata shiru ba alat sannan na gane ashe wani rufin asiri ne. Ɗan abin da na tara kuwa a fotokwafin takardu da data da zirga-zirga ya ƙare, har wani ya karɓi kuɗina da sunan zai samo min gurbi a wata ma'aikata, har yau gurbin bai fito ba, kuɗin ma haka. Dan Allah duk wanda yace ka kawo kuɗi a baka aiki kar ka bashi ko sisi.

Abin da yafi cina a rai ba rashin kuɗin bane, rashin inda zani ne. In anyi asuba kowa a gidan yana da wajen zuwa, Baba ya tafi kasuwa, ƙanne sun sa kayan makaranta, ni sai in koma in kwanta sai ƙarfe sha ɗaya, in tashi in kama waya, la'asar in fita majalisa wajen mai shayi a yi musun ƙwallo da siyasa har sha biyun dare, gobe ma haka. Ranar Talata da Asabar duk ɗaya suke a wajena. Akwai ranar da na buɗe kular abincina naga Umma ta naɗe ɗari biyar a leda ta ɗora akan murfin ciki dan kar ƙannena su gani, kuɗin awarar da take soyawa ne, na daɗe zaune ina kallon kuɗin nan na kasa cin abincin. Gemu a fuska, digiri a cikin akwati, tsohuwa ce ke bani kuɗin aski.

Toh abin da ya canja min ba wani babban abu bane. Wani abokin kawuna yana da shago a Kantin Kwari, kasuwar yadi ta nan Kano, naje nace masa Alhaji ba albashi nake nema ba, wajen zama nake so. Yayi dariya yace mai digiri zai iya ɗaukar dila? Nace a gwada ni. Kullum yana bani kuɗin mota da na abincin rana, shikenan. Ƙarfe tara ina bakin shago, in share, in jera kaya, in tafi sito in ɗauko abin da aka nema. Satin farko har ɓuya nake in na hango wanda muka yi makaranta tare, wata rana wata 'yar ajinmu ta zo sayen kayan lefen yayanta ta ganni da bandir ɗin yadi a kafaɗa gumi na zuba, naji kamar ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ko a jikinta, lambata ma ta karɓa kuma har yau tana turo min masu saye. Ashe ni kaɗai nake ta lissafin kunyar nan.

A hankali na fara gane shadda da atamfa da leshi, wanne ne mai zuba wanne ne baya zuba, na koyi yadda ake ciniki da baƙi 'yan Nijar da Chadi, na fara ɗaukar hoton kaya ina sawa a WhatsApp, mutanen garin da nayi hidima suna oda ina kai musu tasha ina ɗora 'yar ribata a kai. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba fa, kar kaji kamar na zama attajiri, amma na daina jiran kular Umma, wani lokacin ma ni ke shigowa da kayan miya.

Ba dole sai Kwari ba. In waya ce ta dame ka ga Farm Centre nan ka zauna wajen mai gyara, in kayan abinci ne ga Singa da Dawanau, in kayan mota ne ga Ƙofar Ruwa, ko makarantar kuɗi ta unguwarku duk da nasan albashinsu abin takaici ne. Kawai ka samu inda in baka zo ba za a kira ace ina ka shiga yau. Neman aiki kuma ka ware masa lokaci, ni daren Lahadi nake zama in cike duk abin da aka buɗe, sauran kwanaki bana bari ya cinye min tunani. Majalisa ban daina ba amma na rage, akwai waɗanda in ka zauna dasu sai ka tashi jikinka ya mutu.

Maganar yarinyar da kace an ce ka fito, gaskiya ni tawa aure aka yi mata ina ji ina gani, ba zan ce maka bai yi ciwo ba. Ka faɗa wa manyanta halin da kake ciki tsakani da Allah, kar ka ɗauki alƙawarin watan da baka da tabbas.

Har yanzu nima ban samu aikin da na karanta ba, ina nan ina cikewa. Ka faɗa min me ka karanta da unguwar da kake, in kusa da Fagge ne ka biyo Kwari da hantsi kafin kasuwa ta cika mu gaisa, akwai wani a layinmu da naji yana neman wanda zai riƙe masa lissafi.