Hukuncin Shiga Coci Don Neman Tarihin Kakanni

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya gafarta. A Wusasa ta Zariya aka haifi kakana, iyayensa Kiristoci ne. Daga baya ya musulunta ya dawo Kano, a nan ya rasu. Ina tattara tarihin gidanmu, an ce in je tsohon cocin garin in duba littafin baftisma, in kuma ga kabarin mahaifinsa. Wani abokina ya ce taka ƙafa a coci ridda ce. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, maganar abokinka ba ta da tushe, kuma ka ja masa kunne, don kalmar ridda ba abin wasa da baki ba ce. Malamai sun yi saɓani a kan shiga coci, amma saɓaninsu tsakanin halal ne da karhanci da haramci.

Niyyarka mai kyau ce. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Wusasa kuwa wuri ne da irin wannan bincike ke da amfani: 'yan mishan ɗin CMS (ƙungiyar yaɗa Kiristanci ta cocin Angilika), waɗanda Dakta Walter Miller ya kafa musu aiki a birnin Zariya tun 1905, can suka koma a 1929, aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa. Gidaje da yawa a can Hausawa ne da Fulani, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar da dangi ɗaya rabi a masallaci, rabi a coci.

Masu hanawa suna kafa hujja da maganar Sayyidina Umar da Buhari ya kawo, cewa ba ma shiga cocinanku saboda siffofin da ke ciki. To, ka lura Umar ya faɗi dalilinsa. Ibn Ƙudama ya ruwaito a cikin Al-Mugni cewa da Kiristocin Sham suka gayyaci Umar cin abinci a coci, shi ya ƙi zuwa, amma ya ce wa Sayyidina Ali ya tafi da jama'a, Ali ya shiga, suka ci. Da haramun ne ƙarara, da bai tura wani ba. Haka nan Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba Annabi (SAW) labarin cocin da suka gani a Habasha da hotunan da ke cikinsa. Ya soki masu gina wurin ibada a kan kabari da yin waɗannan hotuna, bai tuhumi matan nasa ba. Hanafawa sun tsananta, Shafi'awa da yawa sun rataya hanin a kan hotuna, Hambalawa sun sauƙaƙa. Mu a nan, abin da almajiri ya haddace a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, shi ne hanin yin salla a maƙabartar mushirikai da cocinansu, kuma maganar salla ce ake yi a wurin. Sau da yawa daga nan ruɗanin ke tasowa, a ɗauki hukuncin salla a ɗora wa shiga.

Abin da na rinjayar: ya halatta ka shiga don wannan buƙata. Ka je a ranar aiki, kada ka zaɓi Lahadi ko Kirsimeti ko Ista, saboda halartar sujadarsu ita ce abin hani, kamar yadda magabata da dama suka fassara aya ta 72 a Suratul Furƙan. Kada ka rusuna wa gicciye ko bagadi (teburin ibada na coci), kada ka sa baiko, wato kuɗin da ake bayarwa sadaka a coci. In sun nemi kuɗin binciken takarda ko na kwafi, ka biya, wannan ladan aiki ne. Ka nemi izini tukuna wajen limamin cocin, mai yiwuwa ma littafin yana ofis, ka gama abinka ba ka shiga zauren ibada ba. In lokacin salla ya yi, ka fita, masallatai ba su yi wuya a Zariya ba.

Batun kabari ya fi buƙatar kula, don nan ne zuciya ke rinjayar mutum. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya nemi izinin Ubangijinsa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa aka ba shi, ya nemi izinin roƙa mata gafara ba a ba shi ba, ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka. Saboda haka ka ziyarta, ka tsaya, ka tuna mutuwa, in hawaye ya zo babu laifi. Amma ba za ka karanta Fatiha ko ka roƙa gafara ga wanda ya rasu a kan wani addini ba, bisa aya ta 113 a Suratut Tauba. Hisabinsa kuma ka bar wa Allah, ba kai aka ɗora wa ba.

In ka tarar da jikokin 'yan'uwan kakanka, ka gaishe su da girmamawa, ka kai musu tsaraba, ka ci abincinsu in babu alade ko giya a ciki. Annabi (SAW) ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba. Tsofaffin cikinsu ka zauna da su sosai, ka rubuta abin da suka faɗa, domin littafin baftisma taƙaitaccen bayani kawai zai ba ka, kamar suna da shekara.

Wallahu a'alam.