Inda kakar taka ta shige a takardun ƙidaya

Ka ce kakar mahaifinka ta ɓace maka a takardun ƙidayar Ingila. Ba ɓata ta yi ba, aure ta yi, ta koma amsa sunan miji. Nemo takardar auren tukuna. Tun 1837 ake rubuta sunan uban amarya da sana'arsa a ciki, kuma da wannan za ka koma ƙidayar da ta gabaci auren, ka same ta tana yarinya a gaban iyayenta.

Shekarun da aka rubuta kuwa, kar ka riƙe su da ƙarfi. Wanda ya cike takardar sau da yawa kintace ya yi, sunan mutum ma yadda kunne ya ji aka rubuta shi. A ƙidayar 1841 har rage wa manya shekaru aka yi, mai 34 ya koma 30.