Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya kan sayen fili a Zawaciki

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka cewa mai gidan da kake haya a Gwammaja ya sake ƙara maka kuɗi, an kuma yi maka tayin fili awon igiya, wato wanda ba gwamnati ta yanka ba, a wajen Zawaciki, kana son sanin ko yankin yana da gaba, yaya ruwa da wuta da makaranta suke, kuma da me mutanen wurin suke cin abinci. Na ga wasu sun ce maka ka saya kawai, wasu sun ce daji ne. Ni a wannan yankin nake zaune da iyalina, kuma irin halin da kake ciki ne ya koro ni daga cikin gari, shi ya sa na kasa wucewa. Ka yi haƙuri da tsawon rubutun.

Wanda ya ce maka daji ne ya daɗe bai biyo titin Panshekara ba. Tun daga Sharaɗa, ka wuce Ja'en, ka bi ta gadar ƙasan nan ta mahaɗar titin Madobi da aka yi zamanin Ganduje, gini ne a jere ba ya yankewa. Kumbotso, ƙaramar hukumar da Zawaciki take ciki, tana cikin ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama birnin Kano na yau, kuma ita da Ungogo su ne ke karɓar duk wanda cikin gari ya fi ƙarfin aljihunsa. Wurin ma ba jiya aka san shi ba. Gidan ruwa na Challawa tun zamanin Turawa yake shayar da Kano, layin dogon da ya iso Kano a 1911 kuma ta nan ya ratso. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a wata majema ya yi aiki a Challawa lokacin da masana'antu ke tashe, cikin shekarun 1980. Har yau ina tuna warin kayan aikinsa, don sai a bayan ɗaki ake shanya su. Idan aka tashi aiki da yamma kekuna ne ke cika titi maƙil, masu abinci da masu shayi a bakin kowace ƙofa. Daga baya tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, wato SAP, ya zo a 1986, naira ta faɗi, wuta ta lalace, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Da yawan dattawan da za ka gani a ƙofar masallatan Panshekara tsofaffin ma'aikatan kamfani ne da aka sallama ba su samu abin kirki ba. Har yanzu akwai masu aiki, majemu da kamfanonin roba da na lemo da injinan casar shinkafa, amma yawancin yaran da suke ɗauka aikin wucin gadi ne, albashin ba ya riƙe gida. Sauran jama'a kuwa a cikin gari suke neman kuɗi, kwana kawai suke dawowa yi. Sai masu buga bulo, birkiloli, 'yan tifa, 'yan garuwa, da manoman rani a bakin kogi.

Abin da ya tayar da farashin fili ka san shi. A Yulin 2021 a Zawaciki Buhari ya ƙaddamar da aikin sabon layin dogo na Kano zuwa Kaduna. A Janairun 2023 ya dawo ya buɗe tashar tsandauri ta Dala a nan Zawacikin, da tashar sola mai megawat 10 a Challawa. Kafin nan ga rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da aka gina ta ɓangaren titin Zariya a mulkin Kwankwaso na biyu. Tun daga lokacin duk manomin da ke da gona ya ga kuɗi a ƙasa, duk wanda ba shi da aikin yi ya zama dillali. Za su ce maka jirgi na zuwa, kwantenoni na zuwa, gobe filinka zai ninka. Yana iya ninkawa, ban musa ba. Amma fa sai idan filin naka ne da gaske.

A nan nake son ka tsaya ka saurare ni, don abin da ya same ni ba na fatan ya sami ko maƙiyina. Wanda ya sayar min da filina na farko ba baƙo ba ne. A sahu ɗaya muke sallah, ya ci abinci a gidana, ranar sunan 'yata shi ya raba goro. Ya kai ni gona an yanka ta fuloti-fuloti, an kafa duwatsu, ya kawo wani dattijo ya ce shi ne mai gonar, aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, na biya har da la'adarsa. Kuɗin nan adashi ne na shekaru, da sarƙar gwal ɗin matata da ta cire da hannunta ta miƙo min, da ɗan abin da mahaifiyata ta samu na gadon gidansu. Na yi fandisho, na tayar da ɗaki biyu da falo har linta. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauko Hajiya mahaifiyata a adaidaita sahu in nuna mata inda kuɗinta ya shiga. Muna shan kwana na hango mutane a cikin filina, leburori suna haƙa rami a daidai inda na ware mata ɗakinta, an ture katangar gabas, bulo a warwatse har kan hanya. Wani matashi ya tare ni da takardar kotu a hannu. Ashe gonar gado ce ba a raba ba, dattijon nan ɗaya ne kawai daga cikin magada, ya sayar da rabon ƙannensa mata da ke aure a wasu garuruwa ba da saninsu ba. Kotu ta raba, inda nake gini ya faɗo a kason wata marainiya.

Wallahi Malam, ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi. Hajiya ta nemi bulo ɗaya ta zauna, tana ta maimaita innalillahi, ta ce min, "Kai dai kada ka ɗaga murya, haƙƙin marainiya ne." Ni kuwa ba marainiyar nake jin haushi ba, ita ma zaluntarta aka yi. Mutumin da ya kai ni gonar nake nema. Na kira wayarsa a kashe. Na je gidansa aka ce ya yi tafiya, alhali ga takalminsa a ƙofar zaure. Da muka haɗu daga baya a gaban dagaci, mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce shi dillali ne kawai, bai san ciki ba. Bai san ciki ba! Daga baya na ji tun kafin ya kawo ni an gargaɗe shi cewa akwai rigima a gonar, har wani ya fasa saye saboda haka. Ya san sarƙar matata ce, don a gabansa na faɗa. Dattijon kuwa ya riga ya cinye kuɗin, ya ƙara aure, abin da aka iya ƙwato min a hankali a hankali bai kai kuɗin filin ba, balle siminti da rodi da ladan birkila. Hawan jinin da nake shan magani a kansa yanzu daga nan ya samo asali. Na kwana ina kallon silin ɗin gidan haya, mai gida yana aiko min da takardar tashi, matata ba ta taɓa ce min ina sarƙata ba, kuma shirun nata ya fi komai ci min rai. Dillalin kuwa har gobe yana nan yana yawo da igiyar awo a bayan mashin, yana gaisawa da mutane. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma ba zan ce na yafe don a yabe ni ba.

To ka ga, kafin ka tambayi ruwa da wuta, ka tambayi asalin gonar. Ta wa ce? Gado ce? Idan gado ce a nuna maka takardar rabon gado ta kotu, ka ga magadan da idonka, har matan. Kada ka yarda da "ai yayansu ne, ya isa da su." Ka je wurin mai unguwa da dagaci da ƙafarka, ba tare da dillalin ba. Ka sami manomin da ke maƙwabtaka da gonar ka gaishe shi ka zauna, su ne suka san kowace iyaka da kowace rigima, kuma idan babu dillali a wurin za su faɗa maka gaskiya. Sannan ka ɗauki bayanin wurin ka je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jiha, da KNUPDA, hukumar tsara birane, a duba maka ko ya shiga awon gwamnati ko hanyar da aka tsara. Wannan yankin musamman, ga layin dogo, ga manyan wayoyin wuta da ke shiga babbar tashar lantarki ta Kumbotso, duk wanda ya yi gini a ƙarƙashinsu ko a gefen da aka ware musu, ranar rusau babu mai saurarensa. Idan aka ce maka ka biya yau don akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe, ka bar wa Alhajin.

Ka kuma auna faɗin layin da kanka. Masu yanka gona ba sa son asarar ko taku ɗaya, sai su bar lungun da tifa ba za ta iya shiga ba, babu filin makaranta, babu na maƙabarta, babu hanyar ruwa. Inda nake yanzu, bayan Allah ya sake hore min na sayi wani, sai da muka yi karo-karo muka sayi fuloti guda muka mayar da shi hanya. Abin da gwamnati ta yi yana bakin kwalta ne. Da ka sauka ka shiga ciki, kusan komai jama'a ne suka yi da aljihunsu: turakun wuta, wayoyi, kwalbati, cikon hanya da ɓaraguzai, har taransifoma sai an haɗa hannu an bi sawu. Ka sa wannan cikin lissafinka, don kuɗin fili somin taɓi ne.

Ruwa kuwa, bututu bai shiga yawancin sababbin unguwannin awon igiya ba. Ko ka haƙa rijiya, ko burtsatse idan kana da hali, ko ka dogara da 'yan garuwa, kuma da zafi ya shigo daga Maris zuwa Mayu kuɗin kura yana tashi. Amma ka kula da wannan sosai: kada ka sayi fili kusa da magudanar da ruwan majemu ke bi zuwa kogi. Ruwan nan za ka gan shi baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, yana kumfa, akwai sinadaran jima a cikinsa, kuma rijiyar da ke kusa ba abin yarda ba ce ga yara. Ka je wurin da yamma lis, ka tsaya ka shaƙi iska. Dillali da safe zai kai ka.

Wuta tana zuwa tana tafiya kamar ko'ina, ya danganta da layin da aka ɗora ku. Mu dai ƙaramin sola muka saka, kuma da shi matata take sayar da ƙanƙara da zoɓo, Allah ya sa mata albarka a ciki, da shi ake biyan kuɗin Islamiyyar yara. Na ma manta ban ce ba, idan iyalinka tana da sana'ar hannu, sabuwar unguwa ta fi cikin gari kasuwa, don komai ana nema kuma masu yi kaɗan ne. Ɗinki, kitso, kayan miya, awara, duk suna tafiya.

Makarantu akwai, na gwamnati sun cika sun tumbatsa, masu zaman kansu kuma ƙanana sun yi yawa, sai ka zaɓa da kyau. Ga babbar makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi nan a titin Zariya idan yara sun girma. Asibiti ne abin da ya fi damuna. Ƙananan ciwo ana samun inda za a je a kusa, amma idan abu ya yi tsanani cikin dare, haihuwa ta zo da gardama ko yaro ya sanƙare, tafiya ce zuwa asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kuma ƙarfe biyun dare ba ka samun adaidaita a lungu. Tun ranar da ka tare ka san maƙwabcin da ke da mota, ka riƙe lambarsa, ka kyautata masa.

Sai kuɗin mota. Ba ka faɗi inda kake aiki ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, na san mutanen da suka gina gida a nan suka kulle suka koma haya a cikin gari, don abin da suke kashewa a hanya su da 'yan makaranta ya fi kuɗin hayar. Idan a Sharaɗa ko Challawa ko ta titin Zoo kake nema, ka huta. Idan kuwa sai ka je Sabon Gari ko Dawanau kullum, zauna da biro da takarda tukuna. Kuma ka riƙa dawowa da wuri, masu ƙwacen waya sun fi son hanyoyin da babu fitila. Muna biyan 'yan sintiri duk wata, kada ka zama cikin masu ɓuya ranar karɓa, abin yana ɓata zumunci.

Duk da abin da na gani, ban yi nadamar dawowa nan ba. Yarana suna da tsakar gidan da za su yi gudu, na dasa zogale da mangwaro, Hajiya tana kiwon awakinta, babu mai buga min ƙofa ƙarshen shekara. Maƙwabtana daga ko'ina suke, ɗan Fagge, ɗan Ɗambatta, Bazazzagi, Babarbare, kowa baƙo ne don haka kowa yana riƙe kowa. Ranar da aka yi min rasuwa su suka tsaya a kan komai kafin dangina su iso daga cikin gari.

Idan ba gaggawa kake ba, ka jira Agusta ka je ka ga filin washegarin ruwan sama mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi. Kuma idan za ka shigo, ka yi min magana ta akwatin saƙo, ranar Asabar ina gida, zan raka ka wurin dagacin da kaina in sha Allahu. Ka taho da kwafin duk takardar da dillalin ya nuna maka, kuma kada ka ba shi ko sisin kafin alƙalami sai mun dawo.