Sabon jakuzi ne, amma ruwansa na cinye kulorin

Ɗana, ga abin da ka tambaya kan jakuzi, bahon wankan nan mai ɗumama ruwa yana fesa shi ta ramukan da ake kira jet: "Masta, jakuzin da muka haɗa a gidan nan na East Legon bai cika sati biyu ba, a ledarsa ya zo. Amma in na zuba kulorin da yamma, da safe takardar gwaji ba ta nuna komai. In an kunna jet wasu fararen abubuwa kamar fatar koko suna fitowa, kuma yaran gidan biyu sun yi ƙuraje. Daga ina dattin ya fito?"

Kafin komai, ka kira maigidan ka ce kada kowa ya sake shiga, kuma kada a kunna jet mutum na tsaye a kai. Za ka ji dalili a gaba.

Dattin da shi ya zo. A masana'anta sai sun cika kowane jakuzi da ruwa sun gwada ko yana yoyo, sannan su zubar su naɗe. Amma ruwan ba ya fita duka. Akwai wanda ke kwanciya a lanƙwasar bututu, da cikin injin da ke tura ruwa, da cikin hita. Haka zai yi makonni a kwantena a kan teku, ya sauka tashar jirgin ruwa ta Tema a nan Ghana, ya ƙara zama a shago cikin zafi. A wannan zaman ƙwayoyin cuta ke manne wa bangon bututu su lulluɓe kansu da yauƙi, irin santsin da kake ji in ka shafa cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Fararen abubuwan da kake gani ɓaɓɓakensa ne. Shi ke cinye maka kulorin: ɗan abin da ka zuba yana ƙarewa wajen ƙona saman yauƙin, na ƙasa suna nan suna hayayyafa. Don haka ƙara cokali ɗaya kowace yamma ba zai kai ka ko'ina ba.

Ruwan da muka cika da shi ma bai taimaka ba. Ruwan famfo da ke fitowa daga matatar ruwa ta Weija ko Kpong yana da ɗan kulorin, amma in ya kwana uku a politank, tankin roba, a rana ya riga ya tashi. Na tanka kuwa ba ka san inda aka ɗebo ba. Sai ga zafi: ana riƙe jakuzi a digiri 37 zuwa 39, kusan zafin jikin mutum, wanda shi ƙwayar cuta ta fi so, kuma zafin na saurin kashe kulorin. Ga ruwan kaɗan ne. Lita 1,500 ga mutum huɗu, kowa lita 375 ke nan, da zufarsa da man kaɗanyar da ya shafa.

Ƙurajen yaran sun yi kama da aikin ƙwayar da ake kira Sudomonas. Tana shiga ramin gashi, jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi su fito bayan kwana ɗaya ko biyu, sun fi yawa a inda rigar wanka ta manne wa jiki. Yawanci suna bajewa da kansu, amma mu ba likitoci ba ne, a kai su asibiti a gani. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce Lijiyonela, don ita ba ta fata take bi ba, shaƙarta ake yi a cikin feshin da jet ke tayarwa, ta sauka a huhu. Tana yaɗo a ruwan da ke tsakanin digiri 20 zuwa 45. A 1999, a wani bikin baje kolin furanni a ƙasar Holan, jakuzin da aka ajiye don talla kawai, ba wanda ya shiga, ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da 20 daga cikin masu wucewa. A nan kuma matsalar ita ce zazzaɓi da ciwon jiki za su fara, kwana 2 zuwa 10 bayan an shaƙa, kowa zai ce maleriya ce. Ka gaya wa mutanen gidan, duk wanda ya yi zazzaɓi da tari a kwanakin nan ya faɗa wa likita cewa akwai jakuzi a gida.

Yanzu aikin. Ka sa safar hannu da takunkumi mai kyau irin N95, ba na yadi ba.

Kada ka zubar da ruwan da ke ciki tukuna, da shi za ka yi wankin farko. Cire filta, cire matasan kai, ka duba bayansu da ƙarƙashin murfi, nan ma yauƙi na taruwa. Zuba maganin wanke bututun jakuzi gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Omo ko sabulun kwanoni ba sa wannan aikin, kumfa kawai za su cika maka tsakar gida. Buɗe kowane jet, ka kunna na minti 20 zuwa 30, kana juya makunnin da ke raba ruwa tsakanin kujeru don kowane layi ya samu. Layin da ka manta, daga can cutar za ta dawo. Datti mai ruwan ƙasa zai taru a bakin ruwa. Goge shi da tsumma tun yana jiƙe, in ya bushe a jikin bahon sai ka sha wahala. Sannan ka kashe wuta daga bireka kafin ka buɗe magudana, don hita in ta kama babu ruwa ƙonewa take. Sassauta mahaɗin bututu a bakin injin, ragowar ruwan ya tsiyaye. In dattin da ya fito da yawa, ka cika ka maimaita.

Cikawa ta biyu, ka zura tiyo ta ramin filta, kada ka jefa shi tsakiyar baho, in ba haka ba iska za ta maƙale a injin ka ji yana kuka ruwa ba ya tafiya. In ruwan bohol ne, ka sa matata a bakin tiyon, don mai ƙarfe a ciki yana komawa ruwan tsatsa da zarar ya haɗu da kulorin. Gyara pH, wato awon tsamin ruwa, ya sauko wajen 7.2 kafin ka zuba komai. Wannan ba ado ba ne: a 7.5 kusan rabin kulorin ne ke aiki sosai, a 8.0 bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ga jakuzin da ya gurɓata ta ba da awo: kulorin ppm 20 (ppm ɗaya miligiram ɗaya ne a lita ɗaya ta ruwa) na awa 10, awar farko jet a kashe ruwa na zagayawa kawai, sauran awa 9 jet a kunne. Ga lissafin. A lita 1,500, ppm ɗaya giram 1.5 ne na tsantsar kulorin. Garin kulorin da ake kira dikulo ƙarfinsa wajen kashi 56 cikin ɗari ne, don haka giram 2.7 ke ba ka ppm ɗaya, ppm 20 kuma giram 54. In bilic za ka yi amfani da shi, wanda a kasuwa kowa ke ce wa farazon, ka karanta ƙarfinsa. Mai kashi 5 cikin ɗari mililita 30 ne ppm ɗaya, wato mililita 600. Banda mai ƙamshi da mai kauri. Ka auna da sikeli, ido ba ya auna giram. Hita a kashe, murfi a buɗe, kai kuma ka tsaya ta inda iska ke fitowa.

Wurin da yaran aiki ke kuskure shi ne su zuba sau ɗaya su tafi cin waake. Yauƙin zai ja ppm 20 ɗin ƙasa cikin awa guda, sai ka gwada kowace awa ka cike gurbin. Takardar gwaji yawanci a 10 ta tsaya, kuma kulorin mai yawa na iya wanke launinta ta nuna maka fari kamar babu komai. Ɗebi murfi ɗaya na ruwan jakuzi ka haɗa da murfi huɗu na fiya wata, ka gwada, abin da ta nuna ka ninka sau biyar.

Bayan awa goma ka bar ƙarfin ya sauka, ka zubar ta magudana, ba kan furannin hajiya ba. Ɗauraye, sa sabon filta. Tsohon ya sha yauƙi, kuɗinsa bai kai a sake wannan wahala ba. Cika karo na uku. Fara da alkaliniti, abin da ke riƙe pH kada ya yi ta tsalle, ya zauna tsakanin ppm 80 da 120. Giram 25 na bekin soda na ɗaga shi da 10 a lita 1,500. Sai pH tsakanin 7.2 da 7.8, sai kulorin ppm 3 zuwa 5, wato giram 8 zuwa 13 na dikulo. Kowane magani shi kaɗai ake zubawa a ruwa, da tazara. Kulorin da asid in suka haɗu a bokiti ɗaya iskar da za ta tashi tana iya kwantar da kai.

Shaidar cewa aiki ya yi ba hasken ruwa ba ce, ruwa na iya zama garau yana ɗauke da cuta. Kai kulorin 5 da magariba, rufe, kada kowa ya shiga. In da safe ka tarar da 3 ko sama, bututu ya wanku. In ya faɗo 1 ko sifili, akwai sauran yauƙi, a koma wankin farko.

Sai abin da za ka koya wa mai kula da gidan, don shi ke nan kullum. Ya gwada kafin a shiga, ya ƙara kulorin bayan an fito. Kowa ya yi wanka da sabulu tukuna, man shafawa ke kawo kumfa da toshe filta. Zafi kada ya wuce digiri 40. Filta a wanke da tiyo kowane sati, lokacin hunturu da ƙura ma sau biyu. In ya ji warin kulorin na hawa ido kada ya rage, wannan warin na kulorin da ya riga ya haɗu da zufa ne, ƙari ruwan ke nema. Ƙwayar kulorin ta wurin ninƙaya da ake kira tirikulo kada ta shiga nan, tsaminta na cin hita da robobi. Dikulo kansa yana barin wani sinadari, sayanurik, kusan 9 a duk ppm 10 da ka zuba, wanda in ya taru yake ɗaure ƙarfin kulorin. Bayan sati biyu ko uku gara a koma bilic har zuwa canjin ruwa. Na'urar ozon mai kashe ƙwayoyin cuta da mai shago ya yi ta yabo taimako ce kawai, ba ta barin komai a ruwa in injin ya tsaya.

Injin kuwa zai tsaya, tun da dumso, wato ɗauke wutar lantarki, bai bar mu ba. In wuta ta yi wuni ba ta nan kuma ba a haɗa jakuzin da janareta ba, ruwan ɗumi ya kwanta a bututu babu motsi. Da ta dawo a gwada tukuna. In sifili ne a kai shi 10, a bar shi ya zagaya murfi a buɗe, sai ya sauko 5 a shiga. Ruwan gidan iyali a canza duk wata uku. In gidan saukar baƙi ne, duk sati ko duk lokacin da baƙi suka canza.

Gobe bayan asuba ka biyo ta shago a Nima ka ɗauki sikeli da sabuwar kwalbar takardar gwaji, waccan ta sha danshi. Ka duba lambar da ke jikin tsohon filta kafin ka je saye, kuma ka nemo littafin jakuzin ka ga ainihin litarsa, don duk lissafin nan a kan 1,500 na yi shi.