Hukuncin Cin Abinci a Shagunan Salak na Amurka

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, ina zaune a Bronx, ina aiki a Manhattan. Likita ya ce sukarina ya fara hawa, in rage burodi da soye-soye. Kusa da wurin aikina akwai irin shagunan nan da ba su sayar da komai sai salak: ka bi layi, ka nuna abin da kake so, a haɗa maka a kwano. Amma a kan teburin nan ɗaya akwai kaza, akwai naman alade, kuma na ga an rubuta sunan giya a jikin wasu miyoyin da ake zubawa. Wani abokina ya ce wurin gaba ɗaya haramun ne. Malam, mene ne hukunci?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka lafiya, ɗan'uwa.

Abokinka ya yi gaggawa. Asalin abinci halal ne har sai dalili ya zo da haramci, kuma Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 168: "Ya ku mutane, ku ci daga abin da ke cikin ƙasa, halal mai daɗi." Latas da kabeji da tumatir da kokwamba da wake ba sa buƙatar yanka, kuma hannun wanda ba Musulmi ba baya haramta su. Annabi (SAW) ya ci kokwamba haɗe da ɗanyen dabino, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi bn Ja'afar. Irin waɗannan shagunan, kamar Chopt da aka fara a New York a 2001 da Sweetgreen da aka buɗe a Washington a 2007, a wurinmu ba su wuce mai kwaɗon zogale da ta samu jari ta yi rassa ba. Maganar tana kan abin da ake ɗorawa a saman ganyen, da kuma hannun da ke ɗibarsa.

Naman alade ba ya buƙatar dogon bayani, nassi ya yanke shi. Abin lura kawai shi ne yakan zo a ɓoye. Akwai haɗin da aka riga aka yi wa suna, irin wanda suke kira Cobb, wanda bisa al'ada ana barbaɗa masa soyayyen naman alade da aka daddatsa ƙanana, kamar garin ƙuli-ƙuli a kan kwaɗo. Saboda haka kada ka sayi kwano da sunansa kawai. Ka tsaya a haɗa maka a gabanka, abu ɗaya bayan ɗaya.

Sai batun kayan aiki. Abu Sa'alaba Al-Khushani ya tambayi Annabi (SAW) game da ƙwaryar Ahlul Kitabi, sai ya ce masa idan kun samu wata kada ku ci a cikinta, idan ba ku samu ba ku wanke ta ku ci. A ruwayar Abu Dawud an bayyana dalilin: suna dafa alade a tukwanensu, suna shan giya a kofunansu. Ke nan illar ita ce najasar da ta taɓa kayan, kuma wanki yana gusar da ita. A wasu shagunan ana juye haɗin a kan katako a daddatse shi da wuƙa, a wasu kuma a gauraya shi a babban kwano. Idan ka ga da idonka an datsa alade a katakon nan, ko safar hannun da ta ɗebi alade ita za ta ɗebar maka, to wajibi ne ka ce a canza. Wannan roƙo ba baƙo ba ne a wurinsu, domin waɗanda jikinsu ke ƙin gyaɗa ko alkama kullum suna yinsa. Idan kuwa ba ka ga komai ba, kowane kaya da cokalinsa, to shakka ba ta gusar da yaƙini. Ba a ɗora maka bin tarihin kowane cokali ba.

Yanzu ga inda mutane suka fi rikicewa, wato sunan giya a jikin miya. Mafi yawan lokaci abin da aka rubuta shi ne khal, wato ruwan tsamin nan da Turawa ke kira vinegar, wanda aka yi daga giyar inabi. Giya ce a da, sai ƙwayoyin halitta suka juya abin da ke bugarwa a cikinta ya koma tsami. Annabi (SAW) ya ce: "Madalla da mahaɗi, khal," kamar yadda Muslim ya ruwaito. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta rikiɗe ta zama khal da kanta ta tsarkaka. Saɓaninsu yana kan wadda aka rikiɗar da gangan. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tsananta, suna kafa hujja da hadisin Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko a mayar da giya khal, ya ce a'a. Hanafiyya sun halatta. A mazhabarmu ta Malikiyya, wadda aka karantar da kai a Zango, Shehu Khalil ya lissafa giyar da aka mayar khal a cikin abubuwa masu tsarki a Mukhtasar. Abin da na rinjayar shi ne hanin ya shafi Musulmi ya ajiye giya a gidansa da sunan zai yi khal. Wanda ya tarar an riga an yi, babu buguwa a cikinsa ko ya sha kwalba guda, ya ci abinsa. Amma ka bambance: idan giyar ce da kanta aka zuba a miya ba khal ɗinta ba, kamar giyar shinkafa da ake sa wa wasu miyoyin Japan, wannan ka bar ta. Jerin abin da ke cikin kowace miya galibi yana nan a shafin shagon na intanet, karantawa sau ɗaya ta ishe ka.

Cuku ma akwai magana. Mu a gida da ruwan tumfafiya ake daskarar da madara. Su kuwa wasu nau'o'in, kamar Parmesan na asali, da wani abu ake yi wanda ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi, Larabawa suna ce masa infaha. Malik da Shafi'i suna ganin infahar mushe najasa ce. Abu Hanifa yana ganin tsarkinta, Ibn Taimiyya ya bi shi, yana kafa hujja da cewa sahabbai sun ci cukun Majusawa lokacin da suka shiga Iraƙi, alhali yankan Majusawa ba ya halatta. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka. Wanda ya ci ba za a ce ya yi laifi ba, wanda ya bari ya fita daga saɓani.

Kaza ce nake so ka tsaya ka ji da kyau. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kuma Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, ya faɗaɗa har ya halatta kazar da Kirista ya murɗe wa wuya, muddin shi yana ɗaukar ta abincinsa. Wasu malaman zamani sun bi shi. Sai dai mafi yawa ba su yarda da hakan ba, domin abin da aka shaƙe mushe ne ko a hannun Musulmi, balle waninsa. A manyan mayankan Amurka ana rataye kaji, a tsoma kawunansu a ruwa mai lantarki don su sume, sannan inji ya bi wuyansu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta hana sumar da kaji da lantarki saboda wasu suna mutuwa kafin wuƙa ta kai gare su. Ga shi kuma ba a san addinin mai kula da injin ba. Kai kuwa kana New York, inda mai naman halal yake kusan kowace kwana. Babu lalura. Shawarata ka bar kazar, sai idan shagon yana da shaidar halal daga hukumar da ka amince da ita. Kifi da dafaffen ƙwai da wake da awara sun isa su riƙe maka ciki. Kifin nan ƙanana da ake niƙawa a miyar Caesar ma halal ne.

Game da lafiya, bin shawarar likita abu ne mai kyau, kuma in ka yi niyyar ƙarfafa jiki don ibada da neman halal za ka samu lada. Amma kada sunan salak ya ruɗe ka. Kwanon da aka cika da miya mai mai da zuma, aka watsa busasshen 'ya'yan itace mai sukari da soyayyen burodi, zai iya yi wa mai sukari ɓarnar da yake gudu. Ka ce a ba ka miyar daban ka zuba kaɗan, ko ka tsaya a kan man zaitun da lemun tsami. Sauran ma'auni likitanka ya fi ni sani.

Ban manta da aljihu ba, domin na san waɗannan shagunan ba su da araha. Israfi ana auna shi da halin mutum. Idan kana iya saye ba tare da ka tauye iyali ko abin da kake aika wa iyaye a Kumasi ba, babu komai. Idan yana matse ka, kabeji da tumatir da gwangwanin kifi daga kasuwa, ka haɗa da daddare ka tafi da shi aiki a kula, ya biya buƙata.

Wallahu a'alam.