Zan iya rubuta "Ikon Allah" a jikin ledar ganyen da nake sayarwa?

Tambaya: Malam, ni mai bin Almasihu ce, sana'ata sayar da busasshen ganye da sassaƙe da saiwa. Na gaskata ran da ke cikin kowane tsiro daga wurin Allah yake. Wata abokiyar sana'a ta ce in buga "Ikon Allah, maganin kowace cuta" a jikin leda, wai ciniki zai ninka. Ko laifi ne?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika gaskata daidai ne. Zabura 104 ta ce Allah ne ke tsirar da ciyawa domin dabbobi, da tsire-tsire domin amfanin mutum, kuma da Ruhunsa yake sabunta fuskar ƙasa. Amma rubutun nan kada ki buga shi. Ganye halitta ne, ba Mahalicci ba, ikon Allah kuwa ba a ƙulla shi a leda a sa masa farashi. Ki tuna yadda Bitrus ya tsawata wa Saminu a Ayyukan Manzanni sura 8, da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi.

Ta fuskar kasuwa ma asara ce. Mai ciwon sukari ya karanta, ya ajiye maganin asibiti, jiki ya rikice, sunanki ne zai ɓaci, hukumar kula da magunguna ma na iya kwashe kayan. Abin da leda ke buƙata shi ne sunan ganyen, nauyinsa, ranar da aka ɗura, yadda ake amfani da shi, da gargaɗi ga mai juna biyu da mai shan wani magani su tambayi likita tukuna.

In kina so bangaskiyarki ta fito a sana'ar, ki fara daga gindin itacen. Farawa 2:15 ta ce an sa mutum a gona ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Ki hana masu kawo miki kaya sassaƙe itace zagaye. A ƙarƙashin ɓawon nan ne hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa. An yanke ta zagaye, itacen ya mutu ke nan, ko da zai ɗan daɗe a tsaye. A sassaƙi siririn tsiri a gefe ɗaya, a bar shi ya warke kafin a koma. Ganye kuma kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Haƙar saiwa ta fi komai haɗari ga tsiron, don haka wadda ta fi tafiya a wurinki gara ki soma shuka ta da kanki.

Sai lissafi, inda da yawa ke karyewa ba su sani ba. Ɗanyen ganye yawancinsa ruwa ne, kilo 4 ko 5 kan koma kilo 1 bayan bushewa. Ki ɗora farashi a kan busasshen nauyi, ki haɗa kuɗin sufuri da leda da ladan aikinki. Ki shanya a inuwa mai iska, a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, sai ganyen ya murmushe a hannu kafin ki ɗura. Wanda aka ƙulle da sauran danshi zai fi nauyi a sikeli, amma ruwa kika sayar wa mutane, kuma zai yi fumfuna. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji, wannan ma yana ciki. Duk ledar da kika ga gumi a cikinta, ki janye ta daga kan tebur.